Wa Ya Taɓa Tankin Baba

Na karanta duk abin da kuka rubuto mini a makon jiya. Wata ta ce ni sakarya ce, wata ta ce in kama hannun saurayina mu bar garin kowa ya huta. Ban ji haushi ba. Ku dai karanta na yau tukuna, sannan ku je ku nemo zagin da ya fi waɗannan, don wanda kuka yi ya yi mini kaɗan.

Saboda sababbin shigowa, sunana Merryn Trembath, shekarata ashirin da bakwai, kuma har yau a gidanmu nake a Creswick, a ɗakin da na tashi a cikinsa, da labulen nan mai furanni da Mama ta hana a sauya. A bayan gidan akwai doguwar rumfar kwano inda muke yin kayan tangaran, butocin shayi da kofuna da tasoshin miya. Kakana ya fara, Baba ya gada, ni da yayana Brenton muka buɗe ido a ciki. Ba da hannu muke ginawa ba. Yumɓu muke damawa a wani babban tanki har ya zama kamar kunu, mu zuba a mazubin filasta, filastar ta tsotse ruwan, a juye saura, in an buɗe sai ga buta. Kunu zan riƙa ce masa, don da shi ya fi kama.

Duk rufin asirin gidanmu yana cikin kunun nan. In ya yi kauri, wanda bai san aikin ba ruwa zai ƙara, sai buta ta fito tana tsagewa. Mu silikat muke sa masa, wani ruwa mai yauƙi da ke raba ƙwayoyin yumɓu su daina manne wa juna, kunun ya saki jiki ya riƙa gudu ba tare da ya tsinke ba. Amma abin yana da iyaka, kuma mugun mayaudari ne. Ba ya nuna aikinsa nan take, sai injin ya dama shi kamar awa guda. In kuwa ka wuce iyakar, kunun sai ya soma komawa kauri kamar yana neman ƙari. Ka biye masa ka ƙara, ranar da aka kashe injin yumɓun zai kwanta a gindin tanki ya daskare kamar siminti. Kuma in ya shiga ya shiga ke nan, ba a tsamo shi.

Shekara arba'in da uku Baba ke wannan aiki shi kaɗai. Ba sikeli, ba littafi. Kullum da sassafe zai mayar da guntattakin yumɓun jiya cikin tanki, ya tsoma hannun dama har wuyan hannu, ya ɗaga, ya buɗe yatsu ya ga yadda kunun ke saƙa tsakaninsu. In hannun ya ce a ƙara, sai ya cika wani ɗan kofin ɗora dafaffen ƙwai na kakata da silikat ya zuba, ɗaya tak. Brenton shekararsa talatin da huɗu, 'ya'yansa biyu, amma bai taɓa riƙe kofin nan ba.

Sai Tavita. Tavita Leota, wanda kuke ta cewa in gudu da shi. Shekara biyu ke nan da ya zo mana daga Werribee, iyayensa mutanen Samoa ne, ya karanci ilimin yumɓu da gilashi a jami'a, shi ke yi mana mazubai. Ƙato ne, in ya tsaya a ƙofar rumfa haske ke raguwa, amma muryarsa sai ka kasa kunne. Baba ya ce masa ya fi sau ɗari, "Des sunana, yaro," shi kuwa har gobe Mista Trembath yake cewa. A watan Afrilu, ana gab da shiga sanyi a nan, ya sa farar riga ya je wajen Baba neman aurena. Na ce masa nan ba a haka, ni za ka tambaya kuma na amsa. Ya ce a gidansu ana yi. Baba ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Bari sanyi ya wuce mu gani." Tun ranar nake ƙirga kwanakin sanyi.

Laifin Tavita ɗaya ne a idon Brenton. Yana da wani ɗan gwangwani mai huda a gindi, yakan ɗebi kunu ya saki yatsa ya duba agogon wayarsa, ya ga daƙiƙa nawa zai ɗauka kafin ya tsiyaye, sai ya rubuta. Don wannan Brenton ya laƙaba masa Farfesa, kuma ba da sigar yabo ba.

Litinin ɗin waccan na fito bakwai saura, raɓa ta daskare a kan ciyawa, ina sanye da tsohuwar rigar sanyina mai hula wadda laka ta gama cinye hannayenta, ga kofin shayi a hannu. Tun daga ƙofa na ji injin yana gurnani ba ya juyawa. Brenton na kan tsani da doguwar sanda yana caka gindin tankin, sandar na ƙara kamar dakali yake bugu.

"Ya sake kwanciya," ya ce, ko juyowa bai yi ba. "Na uku ke nan a wata biyu."

Butocin da muka zuba ranar Juma'a suna jere a kan katako, na taɓa bakin ɗaya ya ɓalle a hannuna kamar biskit. Amma ba wannan ya fi damuna ba. Baba ne zaune a kan buhun yumɓu, ya rungume mazubin butar nan mai ganyen inabi, wanda kakana ya yi da hannunsa, wanda ba mu da na biyunsa. Ashe wata biyun nan kunun yana ta cin fuskarsa a hankali ba mu lura ba. Ganyen sun shafe, sai tudu-tudu kawai. Baba yana ta bin wurin da babban yatsa.

Brenton ya sauko ya nufi kantar Tavita kai tsaye, kamar da ma ya san abin da zai ɗauko. Wata farar kwalba ce, sabon maganin sakin kunu da wani kamfani ya aiko wa Tavita ya gwada.

"Farfesa, zo nan. Wannan fa?"

"Ta gwaji ce. A bokiti nake gwadawa, ai ka sha gani. Ko ɗigo bai shiga tanki ba."

"Rabinta babu. Bokitin naka rijiya ne?"

"Gwaji goma sha biyu na yi, Brenton, duk a rubuce suke."

"Rubutu dai, rubutu. Tun da ka zo kake cewa hannun Baba ya tsufa."

"Ban taɓa faɗar haka ba. Cewa na yi mu riƙa aunawa."

"To meye bambancin? Shekara arba'in tankin nan bai taɓa kwanciya ba sai da muka samu mai digiri."

Na ce, "Yaya, don Allah ka bi a hankali."

"Ke rufe mana baki, ke ai an gama da ke tun tuni."

Tavita ya dubi Baba, ya kau da kai. Baba ya miƙe da mazubin a ƙirji ya ce a kwashe tankin, ya fita. Ranar wuni muka yi da shebur da diga muna fasa yumɓu, mutum uku a cikin tanki ɗaya ba mai ce wa wani sannu.

Bayan cin abincin yamma ina wanke-wanke wayata ta yi motsi a aljihu. Na goge hannu a jikin wando na duba.

Tavita: Ba ruwan kwalbata. Silikat ne ya yi yawa. Na gwada, ya kusa ninki uku.

Ni: To me ya hana ka faɗa musu ɗazu, ka tsaya ana ci maka mutunci?

Tavita: Mutum nawa ke zuba silikat a gidanku?

Na daɗe ina kallon layin nan, kumfa na bushewa a hannuna.

Ni: Baba bai taɓa kuskure a tanki ba.

Tavita: Na sani. Ki dai shiga rumfa wata rana da sassafe kafin ya gama. Kar ki yi magana, ki kalla kawai.

Ni: Kai ka ga wani abu ne?

Tavita: Sau huɗu. Ba daga bakina ya kamata a ji ba, Merryn. Mahaifinki ne.

Ku ji halina. Maimakon in gode masa, fushi na yi. Na kife wayar a kan firji na ce a raina, wato don ya wanke kansa sai ya shafa wa tsoho. Kwana uku ina gaishe shi a tsaye kamar baƙo. Ya ajiye mini lemon zaƙi a kan teburin aikina kamar yadda ya saba, na bar shi a wurin har ya yamushe.

Amma maganar ta ƙi barina. Ranar Juma'a na tashi shida da rabi na zura takalmin roba na shiga ta ƙofar baya, na tsaya bayan katakan da muke shanya kofuna. An riga an dama sabon kunu tun Talata. Baba na bakin tanki da jar rigarsa mai gida-gida da hular ulu da Mama ta saƙa masa, rediyo na ta surutun ƙwallo a ƙasa-ƙasa. Ya tsoma hannu, ya ɗaga, ya buɗe yatsu. Ya kaɗa kai, ya cika ɗan kofin ƙwai, ya zuba. Na ji sanyi a raina, na ce a zuci, ka gani ko, Farfesa.

Ya je kusurwa ya kunna butar shayi, ya tsaya yana kallon taga har ta tafasa. Bai haɗa shayin ba. Ya dawo bakin tanki ya naɗe hannun riga, ya tsoma, ya ɗaga, ya buɗe yatsu. Minti biyar ai silikat bai fara aiki ba, kunun yana nan yadda ya bar shi. Ya kaɗa kai irin na ɗazu, ya cika kofin, ya zuba.

Ya ɗauki tsintsiya ya share gaban tanderu, ya jingine ta. Da na ga ya sake nufo tankin yana naɗe hannun riga, ƙafafuna suka fito da ni ba tare da na yi shawara da su ba.

"Baba, ka zuba."

"A'a, 'yar gidana, yau da wuri haka? Yanzu dai zan zuba."

"Ka zuba, Baba. Sau biyu. Ina tsaye a can."

Ya yi dariya, ya ɗauko kofin don ya nuna mini a bushe yake. A jiƙe yake, silikat na bin gefensa. Ya daɗe yana kallonsa. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar mahaifina ba sai ranar, kuma ba na fatan ɗayanku ya ga irinsa a fuskar nasa. Ya lalubi buhu ya zauna.

"Wancan tankin ma ni ne?"

Na karɓi kofin daga hannunsa na ajiye.

"Kar ki gaya wa Brenton," ya ce, muryarsa ta koma ta yaro. "Zai kai ni inda muka kai kakanki."

Kakana wata huɗu ya yi a gidan kula da tsofaffi a Ballarat, yana zaune a kujera yana tsoma hannu a iska yana buɗe yatsu, sannan ya rasu. Baba ne ya sa hannu a takardar kai shi, kuma bai taɓa yafe wa kansa ba. Na durƙusa na riƙe hannunsa mai laka, na ce ba inda za a kai shi. Muka zauna haka kamar minti goma. Sai ya saki hannuna ya shafa kaina ya ce, "Ke kuma me ya sa ki kuka da safen nan? Ke da yaron nan ne? Tashi in haɗa miki shayi." Ya tafi kusurwa yana fito.

Na sami Mama a kicin da rigar girkinta mai shuɗin layi, tana naɗe nama da dankali a cikin ƙullu irin na kowace Juma'a. Na rufe ƙofa na faɗa mata abin da na gani. Hannunta bai tsaya ba, ta ci gaba da matse bakin ƙullun da yatsa.

"Tun Nuwambar bara," ta ce. "Na kai shi wajen likita sau biyu. Ya manta mun je."

"Mama, kin sani? Kina ji ana zargin Tavita kika yi shiru?"

"Rage murya. Na sani, kuma na yi shiru. In Brenton ya ji, kafin mako ya karɓe tankin, kafin wata ya fara kawo mini takardu in sa hannu. Kin san yayanki, ba mugu ba ne, amma komai sai ya gyara shi yau-yau."

"To sai a bar wanda bai ji ba bai gani ba ya ɗauka?"

"Yaron kirki ne, ni ma ina son sa. Amma yana da takardarsa, yana da ƙuruciyarsa, ko ina ya je za a ɗauke shi aiki. Ubanki fa? Sunan jikokinsa ya fara kuɓuce masa, hanyar gidan waya ta ɓace masa ran nan. Abu ɗaya ya rage da yake tashi da safe ya san shi wane ne. Ki raba shi da tankin nan ki ga in zai kai Kirsimeti."

"Aurena fa, Mama?"

"Aure ba ya ruɓewa. In yana son ki zai jira." Sai a lokacin ta ɗago, idonta jawur. "Shekara ɗaya nake roƙon ki, Merryn. Shekara arba'in da ɗaya nake da mutumin nan, ɗaya kawai nake nema a ƙara mini da shi a gidansa."

Me za ku ce wa uwarku in ta faɗa muku haka da gari a goshinta? Ni dai wuƙa na ɗauka na taya ta yanka albasa, kowaccenmu ta samu abin fakewa.

Da rana, da Brenton ya tafi kai kaya, na je na tsaya kusa da Tavita na ce na gani. Bai ce ai na faɗa miki ba. Ya dai ɗauko buhu biyu na busasshen yumɓu muka zazzage a tanki, don ita ce kaɗai hanyar rage kaifin silikat in ya yi yawa. Ya gwada da gwangwaninsa har sau uku kafin ya ce ya yi. Muna wanke hannu a famfo ɗaya ya ce Brenton ya kira shi abincin ranar Lahadi, wai za a yi magana a gaban kowa.

Ranar Asabar da yamma ya turo saƙo.

Tavita: Gobe in an tambaye ni, ba zan ambaci mahaifinki ba. Amma ke za ki iya. Ba don a ƙwace masa komai ba. Sai in riƙa tsayawa kusa da shi da safe, shi ya tsoma hannu, ni in riƙe kofin.

Ni: Brenton ba zai tsaya a nan ba.

Tavita: Wataƙila. Amma ƙarya ba za ta hana tankin kwanciya ba. Za ki faɗa?

Ni: Zan faɗa.

Tavita: Kin tabbata? In ba za ki iya ba ki gaya mini yanzu, ba zan riƙe ki ba.

Ni: Na ce zan faɗa.

Har da ɗan hoton zuciya na tura masa. Ku riƙe wannan, don shi ya fi komai cina.

Lahadi na sa koriyar rigata ta ulu mai dogon hannu, wadda ya ce tana sa idona haske, da 'yan kunnen da ya saya mini a kasuwar Daylesford. Mama ta shimfiɗa farin ƙyallen tebur na baƙi, ta fito da tasoshin gidanmu na zamanin kaka. Cinyar rago ce a tanda, da dankali da kabewa da koren wake. Brenton ya zo shi kaɗai, ya bar matarsa da yara a gida, daga nan na san ba cin abinci ya kawo shi ba. Tavita ya iso ƙarfe ɗaya daga coci, da farar riga da baƙin zanen da mazan Samoa suke ɗaurawa ran Lahadi, ɗauke da tiren burodin kwakwa na mahaifiyarsa, da ɗuminsa. Ya cire takalmi a ƙofa duk da Mama ta sha ce masa ya bari.

Baba ya yanka naman da kansa, siriri-siriri, hannunsa ko rawa babu. Ranar lafiyarsa ƙalau, har yana tsokanar Mama a kan miya. Mun kai rabin ci Brenton ya sunkuya ya ɗauko farar kwalbar nan daga ƙarƙashin kujera, ya dire ta kusa da gishiri.

"Ni ba na son dogon zance," ya ce. "Tanki uku, da mazubin Kaka. Ko dai a san wanda ya yi, ko ni in bar rumfar nan, don ba zan riƙa fasa siminti duk bayan mako uku ba."

"Brenton, a kan abinci?" in ji Mama.

"A kan abinci, Mama. Nan ne kaɗai kowa ke zama."

Baba ya ajiye wuƙa ya goge baki. Ya dubi Tavita, kuma wallahi babu komai a idonsa sai gaskiya. Safiyar Juma'a ta goge tas, kamar ba a yi ta ba.

"Yaro, ni ba na jin maganar wani a kan wani. Kai zan tambaya. Shekara arba'in da uku hannun nan bai taɓa yi mini ƙarya ba, don haka na san ba daga ni ba ne. Ka taɓa mini tanki?"

Tavita bai dubi Baba ba, ni ya duba. Ba harara, ba roƙo, kallo ne kawai na wanda aka yi wa alkawari. Na ja numfashi. Sai na ji hannun Mama a kan gwiwata ta ƙarƙashin tebur, sanyi ƙalau, ta matse ni. Na dubi Baba, ga ɗigon miya a haɓarsa, ga hular ulunsa a rataye a bayan kujera. Kalmomin suna bakina, na jera su tun daren jiya. Na sunkuyar da kai na zuba wa koren waken da ke farantina ido. Bakwai ne, na ƙirga su, na sake ƙirgawa.

Sai na ji Tavita ya ajiye cokalinsa a hankali.

"Ni ne, Mista Trembath. Na ƙara abu a tanki ban gaya maka ba. Ka yi haƙuri."

Brenton ya jingina da kujera ya ce, "To, Farfesa ya sauka daga kan allo." Amma ko shi muryarsa ba daɗi a ciki.

Baba ya daɗe yana jinjina kai. "Da ka tambaye ni, da na nuna maka. Ni da nake cewa in sanyi ya wuce in fara koya maka hannu, abin da ban yi wa ɗan cikina ba." Ya numfasa. "Ka ajiye makullin rumfa. Maganar da ka zo mini da ita kuma, ka bar ta. Wanda zai shiga tankina a ɓoye ba zan ba shi 'yata a sarari ba."

Tavita ya zare makullin daga cikin na motarsa ya ajiye a kan farin ƙyallen. Ya ce wa Mama abinci ya yi daɗi, ya gode. Ya ɗauki farantinsa ya kai kicin, muna jin ƙarar famfo, wanke shi ya tsaya yi. Mama ta toshe baki da ƙyallen goge hannu.

Na bi shi waje ba takalmi, tsakuwa na sukar ƙafata. Yana ƙoƙarin buɗe mota.

"Tavita, tsaya ka ji. Mama ce ta…"

"Na ga hannunta. Ban ga laifinta ba, mijinta ne."

"To me ya sa ka ce kai ne? Da ka ce ba kai ba ne kawai."

"Sai ya ce to wane ne? A gidanmu ba a kunyata tsoho a kan teburinsa. Don shi na yi, ba don ke ba." Ya shiga ya zauna, ya riƙe sitiyari da hannu biyu. "Na ce miki in ba za ki iya ba ki faɗa mini. Da na zo da shirina. Abin da ya yi mini ciwo ke nan, Merryn, na zo ina murna."

"Shekara ɗaya kawai ta ce."

"Kar ku bar shi shi kaɗai da kofin nan," ya ce, ya ja ƙofa.

Saƙo goma sha ɗaya na tura masa kafin rana ta faɗi. Duk ya buɗe, bai amsa ko ɗaya ba. Burodin kwakwar yana nan a kan tebur, ba wanda ya iya taɓawa, Mama ta rufe shi da ƙyalle.

Jiya Litinin na riga kowa shiga rumfa, na ɗauke kwalbar silikat na tsaya da ita a hannu, don ban san wata dabarar ba. Baba ya shigo yana fito, ya tsoma hannu a tanki, ya ɗaga, ya buɗe yatsu. Ya yamutsa fuska, ya sake tsomawa. Daidai lokacin Brenton ya shigo da buhun filasta a kafaɗa.

"Kunun nan yau ban gane masa ba," in ji Baba. Ya waiga wajen kantar Tavita, ba kowa a wurin. "Ina yaron nan? Bai taɓa makara ba. Merryn, kira mini shi ya zo da ɗan gwangwanin nan nasa ya gwada mana."

Brenton ya tsaya cak da buhun a kafaɗa. "Baba, wane yaro?"

"Tavita mana, yara nawa gare mu?"

"Baba, ai jiya ka kore shi. A kan tebur. Ka karɓi makulli."

Baba ya yi dariya har da buga gefen tanki da hannu mai laka. "Ni? In kori Tavita? A kan me? Kai dai Brenton ba ka rabo da shirme. Yaron da zan ba 'yata."

Brenton ya sauke buhun a hankali har ƙasa. Ya dubi Baba, ya dubi ɗan kofin ƙwai a kan kanta, ya dubi kwalbar da na ƙanƙame a ƙirjina. Da ya yi magana, a hankali ya yi, yadda Baba ba zai ji ba.

"Merryn, jiya da muke zaune a teburin nan, kin sani?"